Bidiyon kyamarar shagonka ba na yaɗawa ba ne

Tun da aka fara maƙala kyamarori a shaguna, mutanenmu na Shara Mansur a Makka da 'yan'uwa na Jidda suka ɗauka cewa wanda ya sayi kyamara shi ke da iko da duk abin da ta ɗauka. Sai ka ga an ɗauke wa mai baƙala, wato ƙaramin shagon kayan masarufi, waya a kan teburi, kafin la'asar fuskar yaron da ake zargi ta zagaye WhatsApp, ana ta tura wa juna da "a kula da wannan".

Wannan kuskure ne, kuma mai tsada. Dokar kyamarorin tsaro da Saudiyya ta kafa a 2022 ta hana yaɗa abin da kyamara ta naɗa, ko miƙa wa wani, sai da izinin hukuma ko umarnin kotu. Tarar wanda ya karya ta riyal 20,000 ce. Dokar ta kuma hana kafa kyamara a banɗaki da ɗakin canja kaya da ɗakin da likita ke duba marasa lafiya.

Abin da ya fi damuna shi ne hoton kyamarar shago sau da yawa dishi-dishi yake. Yaro mai farar jallabiya a Makka ai ba ɗaya ba ne. Idan aka yaɗa fuskar wanda bai ji ba bai gani ba, uwarsa ce za ta kasa shiga taron biki a unguwa.

Idan an yi maka sata, ka adana bidiyon, ka kai wa 'yan sanda, su ne doka ta ba damar dubawa.