Horon Allah ga masu bi a koyarwar Kirista

Horon Allah koyarwa ce a tauhidin Kirista da ke cewa wanda ya sami ceto ta wurin alheri bai fita daga hannun gyaran Allah ba, kuma zai ba da lissafin yadda ya tafiyar da rayuwarsa. Tushen batun tambaya ce da ta taso tun zamanin manzanni: idan ceto kyauta ne, ba ladan aiki ba, kamar yadda Afisawa 2:8-9 ta nuna, me zai hana mai bi sheƙe ayarsa? Manzo Bulus da kansa ya kawo tambayar a farkon sura ta 6 ta wasiƙarsa ga Romawa, ya kuma yi watsi da ita nan take.

Tushe a Littafi Mai Tsarki

Nassin da aka fi jingina da shi shi ne Ibraniyawa 12:5-11, wanda ya ɗauko maganarsa daga Karin Magana 3:11-12. A nan an kwatanta Allah da uban da ke horon ɗan da yake ƙauna, har aka ce wanda ba a hore shi ba, ba ɗan halal ba ne. Daga nan malamai suka rarrabe hukuncin alƙali da horon uba. Na farko biyan bashin laifi ne, kuma Kiristoci sun gaskata Almasihu ya ɗauke shi a kan gicciye, shi ya sa Romawa 8:1 ta ce babu sauran hukunci ga waɗanda ke cikinsa. Na biyu kuwa gyara ne, burinsa tsarkin rai.

Labarin Sarki Dauda shi ne misalin da ya fi fito da wannan bambanci. Bayan ya ɗauki Batsheba ya kuma sa aka kashe mijinta Uriya a fagen yaƙi, annabi Natan ya tunkare shi. Dauda ya amsa laifinsa, Natan ya shaida masa an gafarta masa, ba zai mutu ba. Duk da haka jaririn ya rasu, takobi kuma bai rabu da gidansa ba: ɗansa Amnon ya ci zarafin 'yar'uwarsa Tamar, wani ɗan nasa, Absalom, ya kashe Amnon, daga baya ya yi wa uban tawaye. Gafara ta samu a 2 Sama'ila 12, amma sakamakon aikin ya bi gidan shekara da shekaru. Haka Musa, wanda ya hango ƙasar Kan'ana daga Dutsen Nebo bai taka ta ba saboda saɓa wa umarnin Allah da ya yi a ruwan Meriba.

A Sabon Alkawari, Bulus ya gaya wa Korantiyawa cewa wulaƙanta Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da masu bi ke tarayya a kai don tunawa da mutuwar Almasihu, ne ya sa waɗansunsu suka raunana, waɗansu ma suka mutu, ya ƙara da cewa ana horonsu ne don kada a hukunta su tare da duniya. Game da lissafin ƙarshe, 2 Korantiyawa 5:10 ta ce kowa zai bayyana a gaban kursiyin shari'ar Almasihu, 1 Korantiyawa 3 kuma ta yi zancen aikin da wuta za ta gwada: aikin wani ya ƙone, ya yi hasarar lada, shi kansa ya tsira da ƙyar.

Saɓanin ɗarikoki

Cocin Katolika na koyar da cewa bayan an gafarta zunubi akwai sauran hukunci na ɗan lokaci, wanda ake sauke shi da ayyukan tuba a duniya ko a wurin tsarkakewa bayan mutuwa. Sayar da takardun sassaucin wannan hukunci ne ya tunzura Martin Luther, jagoran farko na Furotesta da suka ɓalle daga Katolika, a 1517. Majalisar Trent, wadda ta zauna tsakanin 1545 da 1563, ta tabbatar da koyarwar, ta kuma hana cinikin da ake yi da ita.

Furotesta sun ƙi batun biyan wani bashi bayan gicciye, sai dai su ma kansu ya rabu. Mabiya John Calvin, a taron Dort na 1618 zuwa 1619, sun tsaya a kan cewa mai bi na gaskiya zai iya faɗuwa mummunar faɗuwa amma ba zai hallaka ba, horo yana cikin hanyoyin da Allah ke komo da shi. Mabiya Arminius da John Wesley suna ganin wanda ya taurare ya ƙi gyara zai iya rasa ceton ɗungum. Akwai kuma masu cewa alheri ya kawar da doka gaba ɗaya. Luther ya yi fama da irinsu a rikicinsa da Johann Agricola. Malamin nan Bajamushe Dietrich Bonhoeffer ya kira wannan hali alheri mai arha a 1937, wato gafarar da ba tuba a cikinta.

Horon ikilisiya

Matiyu 18:15-17 ta shimfiɗa matakai: a yi wa mai laifi magana a keɓe, in ya ƙi a je da shaidu, in ya ƙi a kai gaban ikilisiya. A coci-coci da dama na arewacin Najeriya, irin su ECWA da COCIN, dattawa kan sa mutum ƙarƙashin horo, a dakatar da shi daga Jibin Ubangiji da riƙe muƙami har sai an ga alamar tuba, sannan a karɓe shi a gaban jama'a. Ƙorafin da aka saba ji shi ne laifin da ya fito fili, kamar cikin da aka yi kafin aure, ya fi saurin jawo horo fiye da zalunci ko cin amanar kuɗi.

Wurin da koyarwar ta fi wuyar sha'ani shi ne gane wace wahala ce horo. Abokan Ayuba sun ɗauka masifarsa sakamakon zunubi ce, a ƙarshen littafin Allah ya tsauta musu. Da almajirai suka tambayi Yesu ko laifin wa ya sa aka haifi wani makaho, a Yohanna sura ta 9, ya ce ba nasa ba ne, ba na iyayensa ba. Saboda waɗannan nassoshi yawancin malamai kan bar wa mai wahalar ya binciki zuciyarsa da kansa, suna kuma hana maƙwabta yanke masa hukunci daga ganin ciwo ko talauci.