Man kanumfari da ire-irensa na maganin fumfuna a irin bishiya?

Wane mai ake nufi tukuna?

Ba man girki ba fa. Man ƙamshi ne wanda ake tatsowa daga ganye ko ɓawo ko fure ta hanyar tururi, kamar na kanumfari da kirfa da na'a-na'a. Yana da ƙarfi sosai kuma da ka bar kwalbar a buɗe sai ya bi iska.

To me fumfunar ke yi wa iri?

Akwai masu cin iri tun yana ajiye, irin su Aspergillus da Penicillium, musamman in da danshi, akwai kuma Fusarium wanda sai iri ya tsiro ka fara murna sannan ka ga dashen ya ruɓe daga gindi ya kwanta. Abin ya fi damun irin da ba ya jure bushewa kamar ƙwallon mangwaro da irin koko (wanda ake yin cakulan da shi), tunda in ka busar da su sun mutu, in ka bar su da danshi kuma fumfuna ta samu gida.

Da gaske man yana aiki?

Eh yana yi, amma ba kamar yadda ake zuzuta shi ba. Sinadarin eugenol da ke cikin kanumfari da cinnamaldehyde na kirfa suna lalata fatar ƙwayar fangas ɗin, wato fumfunar, abin cikinta ya tsiyaye. A ɗakin gwaje-gwaje sakamakon yana burgewa, a ƙasa kuwa wani lokacin sai a hankali, don man ba ya daɗewa, kuma fangas ɗin da ya riga ya shige cikin iri da ƙyar man ke kai masa.

In zuba da yawa kenan?

Kul! Nan ne mutane ke kwafsawa, ƙarfin da ke kashe fangas shi ne dai ke iya kashe irin, ya ƙi tsirowa gaba ɗaya. Ɗan kaɗan ake sawa a ruwa, kuma da yake mai da ruwa ba sa haɗuwa sai an sa sinadarin haɗawa kamar Tween 80. Wasu ma ba sa jiƙawa, ɗigawa suke a takarda su rufe tare da irin, ƙamshin ya yi aikin.

Ya zan gane ma'aunin ya yi?

Gwada da kanka. Ware iri 100 ka sa wa rabi man, rabi ka bar su haka, ka shuka rana ɗaya ka ƙirga waɗanda suka fito. Kuma kowace bishiya da nata juriyar, gwajin wannan ba ya wakiltar waccan.