Waiwaye: Tambayar da Wani Marayan Babila Ya Yi

Duk wanda ya buɗe littafin tarihin falsafa zai tarar an soma ne daga Girka, daga Thales na Miletus, wajen shekara 600 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Alhali tun wajen shekara 400 kafin Thales, a Babila ta ƙasar Iraƙi, wani malami mai suna Saggil-kinam-ubbib ya rubuta muhawara a kan allon yumɓu, baiti 27, kowanne layi 11.

Mutum biyu ne ke zance. Na farko maraya ne, ya taso ba uwa ba uba, ya bauta wa allolinsa iya ƙarfinsa, amma talauci ya ƙi sakinsa. Sai ya tambayi abokinsa: zakin da ke cin naman da ya fi kyau, ya taɓa kai hadayar gari ga wata allahiya? Me ya sa azzalumi ke ƙiba, mai gaskiya na ramewa? Abokin ya yi ta ba shi haƙuri, yana cewa nufin alloli ya yi wa mutum nisa. A ƙarshe shi ma ya sallama cewa alloli da kansu suka sa karkatacciyar magana a bakin ɗan Adam. Wallahi wannan tunani ne mai zurfi, kuma abin takaici ne a ce ba a koyar da shi.

To me ya binne shi? Rubutun ne ya mutu. A ƙarni na 1 miladiyya aka rubuta allon ƙarshe da wannan rubutu mai kama da tsinin ƙusa, daga nan babu mai iya karanta shi. Littattafan Girkawa kuwa sun samu masu riƙo. A ƙarni na 9, Hunayn ibn Ishaq da almajiransa suna Bagadaza suna juya Galen da Aristotle zuwa Larabci, ga kufan Babila bai kai kilomita 100 daga gare su ba, allunan na kwance a ƙarƙashin ƙasa.

Sai a 1857, a Landan, aka ba masana 4 rubutu guda, kowa ya fassara shi kaɗai, fassarorin suka zo kusan ɗaya. Lokacin an riga an gama tsara manhajar falsafa a jami'o'in Turai. Allunan suka faɗa hannun masana harsuna da masu tonon kayan tarihi, kuma ko da W. G. Lambert ya tattara su a 1960, da sunan adabin hikima ya fitar da su.