Kuɗin gwaji da dalar azurfa ta furuf: ga amsa, don Allah a huta da tambaya

Zan iya goge dalata ta yi ƙyalli?
A'a. Ba toka, ba lemun tsami, ba omo. Kana gogewa ka zubar da darajarta.

Menene kuɗin gwaji?
Tsabar da gidan buga kuɗi na Amurka a Filadelfiya ya buga don gwada zane ko ƙarfe, ba a sake ta kasuwa ba. Kamar Stella, tsabar zinariya ta dala 4 ta 1879 da 1880. Kowacce da lambarta ta Judd, wato lambar da take da ita a littafin Judd da ya jera kuɗin gwaji, wanda bai san lambar ba bai san kayansa ba.

Furuf yana nufin sabuwa fil?
Haba malam. Salon bugu ne, ana goge hatimin sai ya zama kamar madubi a buga fiye da sau ɗaya. Furuf ma tana tsufa.

An tallata min Morgan, dalar azurfa ta Amurka, ta 1895 furuf a WhatsApp, in saya?
To nan sai a hankali. Guda 880 kacal aka buga, kuma ta Filadelfiya ba ta da harafin da ke nuna gidan bugu a bayanta, shi ya sa 'yan damfara ke ɗaukar ta New Orleans mai O ko ta San Francisco mai S su kankare harafin da ke ƙasan zanen reshen ganye a baya, sai ka duba wurin da gilashin ƙara girma ko akwai alamar kankara. Ka ɗora a sikeli, giram 26.73 ya kamata ta yi, maganaɗisu kuma bai kama azurfa. Amma fa duk wannan bai wanke ta ba, wadda aka kankare ai azurfar gaske ce, nauyinta zai zo daidai. Ni dai sai wadda PCGS ko NGC, kamfanonin tantance tsabar kuɗi, suka rufe a roba, kuma ita ma robar ana jabunta, ka sa lambar da ke jikin robar a shafinsu ka gwada da hoton in akwai. In farashin ya yi daɗi da yawa, ka bar wa mai tallan kayansa kawai.

Liyarin kakata an rubuta 1780, na yi arziki?
Kwantar da hankalinka. Na Maria Theresa ne, sarauniyar Ostiriya ta da, har yau 1780 ake bugawa a jikinsu, miliyoyi ne. Azurfa ce dai, ka adana kayan kaka.