Mece ce kunamar canji a bindigar farauta?

A Amurka da Kanada, inda farautar barewa da gasar harbi suke da babbar kasuwa, mutum kan sayi bindiga sabuwa fil, ya cire kunamar da ta zo da ita, ya ɗaura wata da wani kamfani daban ya ƙera. Ita ce kunamar canji. Kamar dai mai mota ne da ya cire tayoyin kamfani ya sa waɗanda suka dace da hanyar da yake bi.

Me ya yi zafi har a kashe kuɗi kan ɗan ƙarfen da bai fi yatsa ba? Ai a nan saiti yake lalacewa. Idan kunama tana da tauri, maharbi sai ya matsa da ƙarfi, hannu ya motsa, bakin bindiga ya goce. Gocewar da ido ba ya gani a nan, a nisan mita 300 ta isa ta sa harsashi ya kuskure, ko kuma, abin da ya fi muni, ya raunata dabba ta gudu daji da ciwo.

Masu harkar ba nauyin ja, wato ƙarfin da yatsa zai sa kafin kunama ta saki, kaɗai suke dubawa ba. Akwai kunamar da in ka fara ja sai ka ji tana jan ciki, tana gurzawa, ba ka san inda za ta saki ba. Mai kyau kuwa tsayawa take cik a ƙarƙashin yatsa, ka ƙara ɗan matsi, ta saki tas, ta kuma tsaya nan take. Wasu sun fi son mai hawa biyu: ja na farko sakayau har ka ji ka taras da bango, na biyu shi ne harbi.

Sana'ar ta daɗe. Allen Timney ya kafa kamfanin Timney a 1946, lokacin da tsofaffin bindigogin soja irin su Mauser da Springfield suka cika kasuwa bayan Yaƙin Duniya na Biyu, mafarauta na saye suna gyarawa. Daga baya kamfanin Jewell na Texas ya yi suna wajen masu gasar harbi daga kan tebur, waɗanda kunamarsu kan saki da nauyin da bai wuce giram 60 ba. Kamfanin TriggerTech na Kanada shi kuma ɗan ƙarfe mai mirginawa ya sa a ciki don rage gurzawa.

A nan ne nake ganin mutane da yawa suke ruɗuwa, su ɗauka mafi sauƙin ja ita ce mafi kyau. Mai gasa yana zaune ne, bindiga a kan matashi, babu gaggawa. Mafarauci kuwa ga sanyi ya kashe masa yatsa, ga safar hannu, ga zuciya na bugawa don dabba ta ɓullo. Irin wannan yatsa bai dace da kunamar giram 60 ba sam. Shi ya sa mafarauta da dama suke tsayawa a nauyin ja na wajen fam 3, kusan kilo 1.4.

Akwai kuma batun tsaro. Bindigar Remington 700, wadda ta fito a 1962, ta sha ƙararraki cewa tana tashi ba a taɓa kunama ba. Kamfanin Remington ya musanta, amma a 2014 ya amince da sulhun sauya kunama, kotu ta tabbatar a 2017, kuma sulhun ya shafi bindigogi kusan miliyan 7.5. Masu wannan bindiga da yawa ba su jira ba, suka sayi ta canji da kuɗinsu. Sai dai ita ma ta canjin, in an ɗaura ta ba daidai ba ko an sassauta ta fiye da kima, tana iya saki da faɗuwar bindiga kawai. Don haka masu hankali a wurin ƙwararren maƙerin bindiga suke kai aikin, ya ɗaura, ya gwada sakatar tsaro, wato makullin da ke hana bindiga tashi, ba harsashi a ciki kafin a fita daji.