Nargis ta Mother India: ga amsoshinku, ku huta ni ma in huta

Na daɗe ina sana'ar fim a Bauchi, tun ana hayar kaset, aka koma faifai, yau ga shi muna tura wa mutane a waya. Tun ranar da na liƙa hoton Nargis a bangon shagona da ke wajen Wunti, rana ba ta fitowa ta faɗi ba a tambaye ni ita ba, kuma tambayoyin ba sa canzawa. Bakina ya gaji. Ga su nan a rubuce, wanda ya ƙara tambaya nan zan turo shi.

Kawu, wace ce wannan ta jikin bango?

Nargis, jarumar finafinan Indiya. Sunanta na yanka Fatima Rashid. An haife ta a Kalkata ranar 1 ga Yuni 1929, ta rasu a Bombay, wato Mumbai ta yanzu, ranar 3 ga Mayu 1981.

Ita ce babar Sanjay Dutt, ɗan daba mai lasin?

Ita ce, amma ku gyara zancen: shi ne ɗan Nargis. Lokacin da sunanta ya kai har Rasha saboda fim ɗin Awaara na 1951, ko aurenta ba a yi ba, balle a haife shi. Sai 1959 ya zo duniya. Ta rasu saura 'yan kwanaki a fara nuna fim ɗinsa na farko a matsayin jarumi, aka bar mata kujera ɗaya a sinima ba kowa a kai.

Tsohuwa ce lokacin da ta yi Mother India?

Shekararta 28 da fim ɗin ya fito a 1957. Wannan ce kaɗai tambayar da ba na jin haushinta, domin ita ke nuna girman aikin matar nan. Ta fara a matsayin amarya Radha, ta ƙare tana tsohuwa mai furfura, kuma ba kwalliya kaɗai ta yi aikin ba. Ku kalli tafiyarta. Ku kalli wurin da shanu suka ƙare, ta ɗora garma a kafaɗa tana ja da kanta, yara ƙanana na binta cikin laka. Sunil Dutt da ya fito a ɗanta Birju, kwana biyar kacal ta ba shi a duniya, amma in ta ɗaga masa murya ba za ka yi shakkar ita ta haife shi ba.

Sannan labarin ba baƙo ba ne a wurinmu. Bashin rupi 500, kuɗin Indiya, aka ci don hidimar biki, aka jinginar da gona ga Sukhilala mai ba da bashi da ruwa, ya riƙa kwashe kashi uku cikin huɗu na amfanin kowace kaka. Duk wanda ya taɓa ganin manomi ya karɓi buhu ɗaya da damina ya biya biyu da kaka, ba sai an yi masa fassara ba. Shi ya sa iyayenmu suka riƙe fim ɗin ba tare da sun ji Indiyanci ba.

Da gaske ne ta auri ɗanta?

Subhanallahi. Ku riƙa tauna magana kafin ku furta. Ɗanta ne a fim. Ana cikin ɗaukar wurin gobara wuta ta fi ƙarfin masu aiki ta kewaye ta, Sunil Dutt ya kutsa ya fito da ita, shi ma ya ƙone. Ta yi jinyarsa, suka yi aure a watan Maris 1958, suka haifi 'ya'ya uku: Sanjay, Namrata da Priya.

Ita ke rera waƙoƙin?

A'a. Baki take bi. Lata Mangeshkar ce ta rera manyan waƙoƙinta na fim ɗin, Naushad ya tsara kiɗa.

Musulma ce ko ba Musulma ba?

Kullum sai an zo nan. Mahaifiyarta Jaddanbai mawaƙiya ce Musulma, mahaifinta ya musulunta ya koma Abdul Rashid. Mijin da ta aura mabiyin addinin Hindu ne. Da ta rasu a maƙabartar Musulmi ta Bombay aka binne ta. Iyakar abin da ke a fili ke nan. Abin da ke cikin zuciyar mamaci ba a shagon tura fim ake yanke hukuncinsa ba, kuma ba na son a ƙara tayar min da wannan musu a gaban kwastomomi.

Me ke tsakaninta da Raj Kapoor?

Fim 16 suka fito tare, ciki har da Barsaat da Shree 420. Sauran zancen ku nemi wani, ni ba na cin naman mamaci.

Ina so in nuna wa Hajiyarmu fim ɗin. Wane kwafi zan nema, mai fassarar Hausa ko na asali?

To wannan tambaya ce ta mai hankali, kuma amsarta ba ɗaya ba ce, sai ka yi haƙuri.

Fara duba tsawo. Cikakken fim ɗin kusan awa uku ne, minti 172 ko kusa da haka. In an tura maka ka ga awa biyu da 'yan mintoci, an yanka shi. Yawanci waƙoƙi ake zarewa don a rage nauyi a memori, kuma a wannan fim waƙa ba ado ba ce. A cikinta yara ke girma, a cikinta shekaru ke wucewa. Ka cire ta, sai ka ga yaro ya zama ƙato ba dalili. Bambancin minti biyu ko uku kada ya dame ka, kwafi da kwafi sukan ɗan saɓa.

Na biyu, dubi fuskoki. Hoton fim ɗin kusan murabba'i ne irin na tsohuwar talabijin. Wasu sukan ja shi ya cika faɗin allo, sai kowa ya koma gajere mai kumatu. In ka ga baƙi a gefe da gefe, ba lalacewa ba ce, haka ya kamata ya kasance. Launi kuma kada ka sa ran irin na yanzu, amma in duk ya koma ja ko ruwan ƙasa, daga gajiyayyen kaset aka kwafo shi.

Batun fassara ya danganta da Hajiya. In ta taɓa kallonsa a da, a sinima ko a bidiyo, ni dai shawarata ka bar mata na asali. Muryar da ta sani take nema. Wata dattijuwa daga Kobi ta zo da jikanta bara, na kunna mata farkonsa a kwamfuta don ta tabbatar shi ne. Tana tsaye, hannu ɗaya riƙe da ƙofa, ta fara faɗa wa yaron abin da zai faru kafin ya faru: ga dutsen da zai danne hannuwan mijin, ga daren da zai tafi ya bar su. Da aka zo kan awarwaron da aka jinginar sai ta ja gefen mayafi ta goge ido, ta ce, "Ɗan nan, tura min shi haka nan, kada ka taɓa komai." Irin wannan ba ta bukatar tafinta.

In kuwa ba ta taɓa gani ba, ko da jikoki za a kalla, fassara na iya taimakawa, amma da sharaɗi: ka fara kallo kai kaɗai. Akwai masu fassarar da ke mutunta labari, akwai masu cusa barkwanci a inda ake kuka. In ka ji an sa wa Sukhilala zancen ban dariya a wurin da Radha ta je roƙon abinci bayan ambaliya ta cinye gari, ka goge shi, ba wannan fim ba ne. Mai rubutun Turanci a ƙasa kuma yana da amfani ne kawai in akwai mai karanta mata ba tare da ya cika ta da surutu ba.

Abu na ƙarshe, kada ka miƙa mata waya. Ka sa a filashi ka jona a talabijin, ka zaɓi lokacin da kake da tabbacin wuta ko ka tanadi mai a janareta. In zaman awa uku zai yi mata yawa, a raba shi biyu, a tsaya inda yaran suka girma. Kuma kada wanda ya faɗa wa yara ƙarshensa. Kwantar da hankalinka, ko kwafin bai kai yadda kake so ba, in dai cikakke ne za ta ji daɗinsa.

Fim ɗin ya ci Oscar?

Bai ci ba. Ya shiga jerin biyar na finafinan harsunan waje a 1958, wani fim na Italiya ya ɗauka. Nargis kuwa a shekarar ta karɓi kyautar gwarzuwar 'yar wasa a bikin finafinai na Karlovy Vary da ke Turai, gwamnatin Indiya kuma ta ba ta lambar girmamawa ta Padma Shri.

Me ya yi ajalinta?

Ciwon daji. An kai ta asibiti a New York, ta dawo gida, ta rasu ba ta cika 52 ba, tana 'yar majalisar dattawan Indiya da aka naɗa a 1980. Iyalinta suka kafa gidauniyar taimakon masu ciwon da sunanta.

Nawa za ka sayar min da hoton?

Ba na sayarwa ba ne. Kawo wayarka ka ɗauka, amma kada ka taɓa shi da hannu, takardar ta tsufa.