Kwamitin 7-11: su wa ke faɗin yadda za a yi da makarantar da ta zama rara a Kalifoniya?

Wai ta yaya ma makaranta ke zama rara?

Yara ne suka ragu. A jihar Kalifoniya ta Amurka ɗaliban makarantun gwamnati sun kai wajen miliyan 6.2 a 2015, zuwa 2022 sun faɗo ƙasa da miliyan 6, haihuwa ta ja baya, tsadar haya kuma ta kori iyalai da yawa. Sai ka ga ajujuwa a kulle an kife kujeru kan tebura, ciyawa ta cinye filin wasa, amma hukumar makarantun gundumar tana nan tana biyan kuɗin gadi da gyaran rufi.

To sai su sayar kawai mana?

A'a fa. Dokar ilimi ta jihar, sashe na 17387 zuwa 17391, ta tanadi a kafa kwamitin mutanen gari kafin a sayar ko a ba da haya mai tsawo. Membobin kada su gaza 7 kada su wuce 11, nan sunan ya samo asali. Dole a samu iyaye da malamai da shugabannin makaranta, da 'yan kasuwa, da masu gida ko 'yan haya a unguwar, da wanda ya san dokar gini da tsarin filaye.

Aikinsu fa?

Su duba hasashen yawan ɗalibai su ga ko da gaske ba a buƙatar wurin, su jera abubuwan da unguwa za ta iya lamunta a yi da shi, su kira taro a saurari kowa, sannan su miƙa rahoto. Kuma zaman a buɗe yake, dokar Brown ta 1953 ta hana irin waɗannan hukumomi ƙus-ƙus a ɓoye.

Kenan su ke yanke hukunci?

Nan ne mutane ke ruɗewa, shawara kawai suke bayarwa, zaɓaɓɓun membobin hukumar makarantun gundumar ne masu wuƙa da nama. Amma ni dai ban raina wannan shawarar ba ko kaɗan, domin nan ne uwar da ɗanta ke buga ƙwallo a filin kullum da yamma za ta miƙe ta ce ba ta yarda a kafa shaguna a wurin ba, kuma a rubuta maganarta, fili kuwa in an sayar ya tafi kenan, ko yara sun ƙaru bayan shekara 20 ba mai dawo da shi a tsohon farashi. Shi ya sa na fi son haya a kan sayarwa.

Wa ake fara yi wa tayi?

In filin wasa ne da aka yi shekara 8 ana amfani da shi, dokar Naylor ta ce a fara tallata wa hukumar birni ko ta wuraren shaƙatawa, har da rangwame. Kuɗin da aka samu kuma galibi gini da gyara ake yi da shi, ba albashi ba.

Akwai inda abin ya yi amfani?

Sosai. Hukumar makarantun Santa Clara ta gina wa malamanta gidajen haya masu sauƙi a filinta tun 2002, a Daly City kuma an buɗe gidaje 122 na ma'aikatan makaranta a 2022, malamin da da yake tuƙi mai nisa kowace asuba yanzu a kusa da ajinsa yake kwana.